Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Cajar da Ke Canza Ciki Ba Ta Canza Suna Ba

Idan madaba'a ta sake buga littafi bayan an gyara kura-kuransa, takan rubuta a shafin farko cewa wannan bugu na biyu ne ko na uku, ta kuma sa shekara. Malamin da ya ce wa ɗalibai su buɗe shafi na 40 ya san mai riƙe da tsohon bugu yana iya tarar da wani abu dabam a can. Ba wanda ke ɗaukar wannan 'yar sanarwa abin kunya ga marubuci. Shaida ce cewa an duba aiki, an ga inda ya gaza, an gyara, an kuma gaya wa mai saye.

Kayan lantarki ma ana sake zubinsu kamar yadda ake sake buga littafi. Cajar batirin litiyam da rumbun cajin nan da muke kira fawa-banki, waɗanda rashin tsayayyar wutar lantarki ya mayar da su abokan tafiyar kusan kowa a ƙasarmu, sukan yi shekaru a kasuwa da suna ɗaya, launi ɗaya, kwali ɗaya, alhali an canza cikinsu sau da yawa. Wani canjin gyara ne, wani na rage kuɗin ƙira ne, wani kuma ko kamfanin da sunansa ke jikin kayan bai san an yi shi ba.

Ra'ayina shi ne sake zubi wajibi ne ga duk mai ƙira na gari, laifin kawai yana ga yin sa a ɓoye. Duk na'urar da ke ɗauke da batirin litiyam, wadda ke iya kamawa da wuta a aljihu ko a ƙarƙashin matashin kai, ya kamata a rubuta a jikinta zubi na nawa ce, a kuma tanadi inda mai saye zai karanta abin da aka canza.

Ɗan allo mai fuskoki da yawa

Mu fara da mafi ƙanƙanta. Akwai wani ɗan allon lantarki, galibi shuɗi, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Masu gyaran waya da masu haɗa fitilu da rediyo daga tsofaffin batura sun san shi da sunan TP4056. A gaskiya sunan na ɗan baƙin guntun da ke tsakiyarsa ne, wanda masu gyara ke kira aisi, ƙirar kamfanin Top Power na birnin Nanjin a ƙasar Sin. Aikinsa guda ne: ya karɓi bolt 5 daga bakin USB, ya cika ƙwayar batirin litiyam ɗaya.

Ba a cika batirin litiyam kamar tulu, a jira sai ya tumbatsa. Idan ƙwayar ta yi laushi ƙwarai, ƙarfinta ya gaza bolt 2.9, aisin yakan fara ba ta wuta kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake ba wanda ya galabaita ruwa da cokali. Daga nan ya saki wuta daidai gwargwado har ƙarfin ya kai bolt 4.2. Sai ya tsaya a kan 4.2 ɗin, wutar da ke shiga tana raguwa, har ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin goma na yadda aka ƙayyade ta. A nan ne jar fitila ke mutuwa, shuɗiya ko koriya ta kama. Yawan wutar kuwa wani razista ne ke ƙayyade shi, wanda bai fi ƙwayar gero girma ba. Idan an rubuta 122 a bayansa, mai om 1,200 ne, kuma allon zai ba da amfiya 1. Idan aka musanya shi da mai om 3,000, wutar ta sauka zuwa kimanin miliamfiya 400.

Zubin da ya fara yaɗuwa yana da tsohon bakin nan na mini-USB, kuma caji kaɗai ya iya. Ba ruwansa da abin da zai faru bayan an cire shi daga wuta. Idan fitilar da aka haɗa ta zuƙe ƙwayar har ta tsotse ta ƙarƙaf, ko wayoyi biyu suka haɗu, babu mai tsayar da ɓarna. Wannan babban giɓi ne, domin ƙwayar litiyam da ta faɗi ƙasa sosai da bolt 2.5 ta daɗe a haka, jan ƙarfen da ke cikinta yakan fara narkewa. In an sake cajinta, yana iya taruwa inda bai kamata ba ya haɗa ɓangarorinta biyu ta ciki.

Daga baya aka koma bakin micro-USB, aka kuma ƙara wa wani zubin 'yan guntaye biyu: DW01A, mai gadin da ke lura da ƙarfin ƙwayar, da 8205A, ƙofar da mai gadin ke rufewa. Idan ƙarfi ya sauka zuwa wajen bolt 2.4, ko ya haura zuwa wajen 4.3, ko aka ja wutar da ta wuce kima, sai a datse hanya. Wannan gyara ya canza yadda ake haɗa allon. Tsohon yana da wuri biyu na liƙa batiri da dalma. Sabon yana da huɗu a wannan gefen: B+ da B- na batiri, OUT+ da OUT- na fitila ko duk abin da za a kunna. Wanda ya koyi aiki a kan tsohon allo, ya zo ya liƙa wayoyin fitilarsa kai tsaye a kan B+ da B-, ya zagaye mai gadin ke nan bai sani ba. Wanda kuma ya ji labarin cewa TP4056 yana da kariya, ya sayi tsohon zubi, ya kwanta da ƙofa a buɗe yana zaton a kulle take. Dukansu biyu abu ɗaya suka nema a shago, da suna ɗaya aka sayar masu. Ko aisin kansa ba kullum ne na asali ba. Ana samun allunan da ke ɗauke da TC4056A da makamantansa na wasu kamfanoni, ana kiran su duka da tsohon sunan.

Akwai kuma abin da waɗannan zubi ba su taɓa ba. Kusan duka suna zuwa da razistan amfiya 1, wanda ya dace da babbar ƙwaya irin 18650 ta cikin batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, amma ya yi wa 'yar ƙwaya mai 300mAh yawa nesa ba kusa ba. Sannan idan ana amfani da na'ura ana kuma cajinta a lokaci guda, wutar da ke fita daga aisin ba lallai ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin goman nan ba, don haka cajin ba ya yankewa, ƙwayar ta yi ta zama a bolt 4.2. Tarihin zubi na gaskiya zai faɗi abin da aka gyara, ya kuma faɗi abin da aka bari.

Razista biyu da suka hana caji

Da bakin USB-C ya zo, masu ƙera allon suka cire tsohon baki suka dasa sabo, suka ci gaba da sayarwa. Sai masu saye suka ga abin mamaki: allon yana caji da igiyar da ɗaya kanta faffaɗan USB ne na da, amma in aka kawo igiya mai USB-C a kai biyu, ko fitila ba ta kamawa.

Dalilin yana cikin ƙa'idar USB-C. Tsohon baki yana sakin bolt 5 ko da ba a tambaye shi ba. Caja mai bakin USB-C kuwa ba ta sakin komai sai ta tabbatar akwai mai karɓa a ɗaya gefen, kuma tana gane haka ne ta hanyar razista biyu masu om 5,100, ɗaya a kan kowace daga ƙafafu biyu da ake kira CC1 da CC2. Alluna da yawa sun fito babu su. Daga baya wasu masu ƙirar suka ƙara su, wasu ba su ƙara ba, kuma a hoton talla da wuya ka bambance. Mai saye sai ya zargi igiyarsa, ko cajarsa, ko mai shago.

Don a ga bambancin gyaran fili da na ɓoye, a dubi abin da ya sami 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 ta Ingila, wadda ta fito a watan Yuni 2019. Masu ƙirarta sun yi kuskure ɗan'uwan wannan: sun sa razista ɗaya ya yi wa ƙafafun biyu aiki maimakon kowace da nata. Sakamakon haka, idan aka haɗa ta da wasu igiyoyi masu tsada da ke da aisi a cikinsu, sai caja ta ɗauka na'urar sauraren sauti ce aka jona, ta ƙi ba ta wuta. Shugaban kamfanin, Eben Upton, ya amsa kuskuren a fili, kuma aka gyara shi a zubi mai lamba 1.2. Har yau mai riƙe da kwamfutar yana iya tambayarta lambar zubinta ta faɗa masa. Kuskure iri ɗaya ne, amma a nan mai saye yana da tambayar da zai yi kafin ya biya. Sunan kamfanin bai zube ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Haka ma kamfanin Adafruit na birnin New York, wanda injiniya Limor Fried ta kafa a 2005. Cajarsa ta aljihu mai suna MintyBoost, wadda ke aiki da batura biyu irin na tocila, ta bi ta zubi daban-daban har zuwa na 3, kuma cikin dalilan akwai yadda na'urorin Apple ke ƙin karɓar caji sai sun ga wani ƙayyadadden ƙarfin wuta a kan wayoyin saƙo na USB. An rubuta bayanin a fili, kuma har yanzu shafukan kayan kamfanin sukan ɗauki jerin sauye-sauye da kwanan wata. Ƙaramin kamfani ne idan aka gwada da manyan masu fawa-banki. Abin da ya iya, ba su da hujjar kasawa.

Idan canjin yana cikin ƙwayar batiri

Rashin razista yana hana caji ne kawai. Canjin da ke iya ƙona gida yana can inda ido ba ya kaiwa.

Fawa-banki ƙwayoyin litiyam ne da allo ɗaya mai aiki uku: ya cika ƙwayoyin, ya ɗaga ƙarfinsu daga wajen bolt 3.7 zuwa bolt 5 da waya ke so, ya kuma yi gadinsu. An rufe komai cikin roba ko ƙarfe, an manne. Mai saye ba ya iya buɗewa ya duba kamar yadda mai gyara ke juya allon TP4056 a tafin hannu. Cinikin biri a sama yake yi, jinginarsa kawai sunan kamfani da lambar samfuri.

A ranar 12 ga Yuni 2025, hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka, CPSC, ta sanar da yi wa fawa-bankin Anker PowerCore 10000, samfuri A1263, kiranye. Adadinsu ya kai kimanin 1,158,000, an sayar da su daga Yuni 2016 zuwa Disamba 2022, kuma an sami rahotanni 19 na gobara da fashewa. Abin lura shi ne ba duk mai lamba A1263 abin ya shafa ba. Sai mutum ya karanta doguwar lambar da ke gindin na'urar, ya shigar da ita a shafin kamfanin, kafin ya san ko tasa tana ciki. Wani kamfanin Amurka mai suna Lumafield, mai ƙera na'urar ɗaukar hoton cikin kaya ba tare da an fasa su ba, ya ɗauki hoton guda biyar na wannan samfuri. Ya tarar ƙwayoyin da ke ciki ba duka ne daga tushe ɗaya ba, kuma yadda aka haɗa su da allo ya bambanta daga wannan zuwa wancan. Hotunan ba su yanke hukunci kan musabbabin gobarar ba, amma sun nuna abin da ya ishe mu hujja: lambar samfuri ɗaya ta rufe ƙira fiye da ɗaya.

A wannan watan dai, a ƙasar Sin, kamfanin Romoss ya janye fawa-banki kimanin 490,000, Anker kuma ya janye fiye da 700,000. Bayanin da Anker ya bayar shi ne cewa mai kawo masa ƙwayoyin batiri ya canza kayan haɗi ba tare da izini ba, abin da kan iya sa siririn shamakin da ke raba ɓangarori biyu na ƙwayar ya gaza bayan an daɗe ana amfani da ita. Idan shamakin nan ya huje, ɓangarorin suka haɗu, zafi ya haifi zafi har wuta ta tashi. Wato an yi sabon zubi a masana'antar wani, ba a ba shi lamba ba, ba a rubuta shi ko'ina ba, har mai sunan da ke jikin kwali bai sani ba. Daga 28 ga Yuni 2025 hukumar jiragen sama ta Sin ta hana shiga jiragen cikin gida da fawa-bankin da ba shi da tambarin inganci na CCC, ko wanda tambarinsa ya goge, ko wanda ke cikin waɗanda aka janye. Watanni biyar kafin haka, a 28 ga Janairu, wani jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi. Duka mutane 176 da ke ciki sun tsira, kuma masu bincike sun karkata ga cewa fawa-banki ne a ma'ajiyar kaya ta sama ya haddasa wutar.

Kada kuma a ɗauka sabon zubi kullum ya fi tsoho. A 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 saboda batirinta, ya ba mutane wasu masu batirin wani kamfani dabam, su ma suka kama da wuta, har aka daina ƙera wayar a watan Oktoba. Bayanin da kamfanin ya fitar a Janairu 2017 ya nuna aibi biyu ne mabambanta: na farko matsewar kusurwar batiri a cikin gidansa, na biyu kuma kaifin walda da ke huda shamaki. Lambar zubi ba alkawarin inganci ba ce. Amfaninta shi ne ranar da abu ya ɓaci, a san waɗanne ne suka ɓaci.

Uzurin masu ƙira

Masu ƙira suna da amsoshi, kuma ba duka ne na banza ba.

Na farko, sukan ce da zarar an rubuta zubi na 2, ba mai sayen na 1, kayan da ke sito su zama asara. Gaskiya ne. Amma idan bambancin ƙarami ne, bayani a fili da ɗan ragin farashi sun isa su sayar da tsohon. Idan kuwa bambancin ya kai mutum ya ƙi tsohon in ya sani, to ɓoye masa algus ne, ko da me aka kira shi.

Na biyu, sukan ce sassan na'ura suna canzawa kullum, wannan ya ƙare a kasuwa a nemi madadinsa, ba zai yiwu a yi shela kan kowane razista ba. Wannan ma haka ne, kuma ba shi ake nema ba. Kowace masana'anta mai tsari ta riga tana da rajistar sauye-sauyenta ta cikin gida. Abin da ake nema a fito da shi fili abu uku ne: canjin ƙwayar batiri ko mai kawo ta, canjin tsarin kariya, da canjin da ya shafi irin igiya ko cajar da na'urar za ta karɓa.

Na uku, sukan ce masu jabu za su buga kowace lamba suka ga dama. Za su buga, kamar yadda suke buga 50,000mAh a jikin abin da nauyinsa kaɗai ya ƙaryata su. Amma jabun kuɗi bai sa an daina sa wa takardar kuɗi lamba ba. Kamfanin da ke da jerin zubi a fili ya ba mai saye da mai gyara ma'aunin da za su gwada abin da ke hannunsu.

Inda abin ya shafe mu

Mu ne a ƙarshen igiya. Kayan da aka haɗa a Shenzhen sukan bi ta hannu da yawa kafin su iso Computer Village ta Ikeja ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, daga nan su wuce ƙauyuka da ƙetaren iyaka. Wasu sababbi ne, wasu gwanjo ne da aka gama amfani da su a Turai da Amurka. Sanarwar kiranye takan tsaya a ƙasar da aka yi ta, cikin harshen da aka yi ta, ta hanyar saƙon imel ga wanda ya saya da katin banki. Wanda ya saya a tebur ya biya da tsabar kuɗi ba shi cikin wannan rajista. Abin da kaɗai ke tafiya tare da na'urar har hannunsa shi ne rubutun da ke jikinta. Ga shi kuma muna amfani da waɗannan kaya cikin zafin bazara da ke haura digiri 40, a ɗakin kwano, sau da yawa a bar su a caji a kwanta barci domin ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba. Zafi kuwa abokin gabar litiyam ne.

Saboda haka hukumar SON, wadda ke tantance kayan da ake shigowa da su ƙarƙashin tsarin SONCAP, tana da hurumin da za ta sa sharaɗi mai sauƙi: kada fawa-banki ya shigo sai da lambar zubi da watan ƙira a jikinsa, rubutun da ba ya gogewa da gumin hannu, kuma canjin ƙwayar batiri ya zama dalilin sake tantancewa. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana iya ɗaukar sanarwar kiranyen da aka yi a wasu ƙasashe ta yaɗa ta a rediyo da harsunan da 'yan kasuwa ke ji. 'Yan kasuwar da ke shigo da kaya kuma su riƙe rajistar wane kwali ya tafi wane shago.

Kafin a kai can, mai karatu yana da abin yi. Idan kai mai gyara ne, kada sunan allo ya ishe ka. Ƙirga wuraren liƙa waya, nemi DW01A da 8205A da idonka, karanta lambar razista, ka gwada bakin USB-C da igiya mai kai biyu iri ɗaya kafin ka rufe aiki. Idan kai mai saye ne, ɗauki hoton lambobin da ke gindin fawa-bankinka tun yana sabo, kafin su goge, ka riƙa duba shafin kamfanin lokaci-lokaci. Wanda ya kumbura, ko yake zafin da hannu ba ya jurewa, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi, ya gama aiki: a raba shi da ɗakin kwana, kada kuma a jefa shi cikin sharar da za a cinna wa wuta. In ka je saye, tambayi mai shago zubi na nawa ne. Yau mai yiwuwa ba shi da amsa. Idan masu tambaya suka yi yawa, shi ma zai tambayi wanda ya sayar masa.